Ciyawar Bayan Kara a Fatakwal

Tun da na dawo daga Kudu ban huta da tambaya ba. A wurin aiki a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har mai gyara mini babur sai da ya ajiye sifana ya ce, "Malam Nasiru, wai da gaske ne ka ɗauki maciji da hannu?" Ban ɗauka da hannu ba. Na gaji da gyara labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna in faɗe shi daga farko yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, aikina kula da wani lambun shaƙatawa na jama'a ne a Zariya. Abin da aka fi sanina da shi shi ne taurin kai a kan wani ɓangare na lambun da na hana a yanke wa ciyawa sai ta zubar da iri. Da farko an ce lalaci ne. Da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da ƙananan tsuntsaye suka cika wurin, malaman makaranta suka fara kawo ɗalibai kallo, sai aka ƙyale ni.

Yayana Hamisu ya daɗe a Fatakwal yana sayar da raguna. Ana tsakiyar damina ya kira ni. Ya ce akwai wani fili na hukuma a bayan kara, wato kasuwar dabbobi, inda Hausawan unguwar ke sallar Idi, yara kuma ke buga ƙwallo. Hukuma ta ce filin ya zama juji ya zama daji, ko dai mutanen unguwa su gyara shi ya zama lambu, ko a ba masu neman wurin ajiye manyan motoci. An kafa kwamiti, an ɗora shi a kai. Yawancin 'yan kwamitin so suke a share komai, a cike da yashi, a fesa maganin ciyawa.

"Ni kuma na ce musu a dakata, ƙanena wannan ne aikinsa," in ji shi. "Na riga na ce za ka zo."

"Yaya, ni fa ko Lokoja ban taɓa tsallakawa ba."

"To ka tsallaka. Kada ka ba ni kunya."

Duk labarin da na taɓa ji game da hanyar nan ya dawo mini. Amma babu yadda zan ce wa Yaya a'a. Na zaɓi dashe mafi ƙoshi a gandun renonmu, tsamiya da kanya da ɗorawa da ɓaure, na jera su a kwali. Matata kuma ta cusa mini ƙullin kuka da busasshiyar rama a jaka, tsarabar matar Yaya.

Da sassafe muka tashi daga Kaduna a wata doguwar bas. Na rungume kwalin a cinya saboda yaron mota ya so ya ɗora masa buhun wake. Har Lokoja lafiya lau. Da muka haye kogi sai ƙasa ta sauya. Daji ya matso bakin titi, ba ka hango nesa kamar a gida. Ni da na saba murna da kore, ranar nan sai na ji kamar ya rufe mini numfashi.

Shingayen bincike kuwa suka yawaita. A wani shinge aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani mai kaki ya leƙa kwalina, ya ɗaga kafaɗa, sannan ya sa hannu a jaka ya zaro ƙullin rama. Ya kwance, ya shinshina, ya dube ni.

"Oga, wetin be dis?"

Na ce ganye ne na abinci. Bai gamsu ba. Ga ganye busasshe mai yatsu, ga mutum ɗauke da dashe a leda, sai ya haɗa biyun ya yanke hukuncin cewa ni manomin wiwi ne. Ya nuna mini gefen titi ya ce in zauna. Sauran fasinjoji suka koma mota, direba ya tayar da inji. Ina zaune ina kallon bas ɗin, ina tunanin wa zan kira a wannan daji. Can wani abokin aikinsa ya taho daga ƙarƙashin bishiya, ya ɗebi ganyen ya sa a baki ya tauna.

"Rama ce," ya ce da Hausa. "Malam, babu ƙuli-ƙuli a jakar?"

Da akwai, da na ba shi duka. Ya ɗebi rabin ramar ya ce ya kwana biyu bai ci kwaɗo ba, ya miƙo mini saura. Na ruga na shiga mota kafin ta tashi.

Mun shiga Inugu kafin magariba. Yaya ya haɗa ni da wani abokinsa, Alhaji Tanimu, mai albasa a kasuwar Ogbete, mazaunin Asata. Dattijo ne mai doguwar gaisuwa, sai da ya tambayi mutanen Zariya unguwa-unguwa kafin ya bari na zauna. 'Ya'yansa suka durƙusa suka gaishe ni da Hausa tsaf, suna juya baya suka ci gaba da faɗansu da Ibo. Ya sauke ni a ɗakin da yake ajiye albasa idan kaya sun yi yawa. Ban sani ba ko albasar ce ko tunani ya hana idona rufuwa.

Da safe aka kawo mini okpa, wani abu kamar alala amma na gurjiya, a naɗe a ganyen ayaba. Na yi ta juya shi ina tambayar abin da aka sa a ciki. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ci abinka, gurjiyar ma daga wajenmu ake kawo ta." Na ci, kuma har la'asar ban nemi wani abu ba.

Shi ne ya ce lallai in ga maƙwabciyarsa Madam Rifkatu kafin in wuce. 'Yar wajen Kafanchan ce, Kirista, aikin gwamnati ya kawo mijinta Inugu, ita kuma ta sami aiki irin nawa a wani lambun jama'a. Da ta ji Hausar Zariya a bakina sai ta saki fuska kamar ta ga ɗan'uwa. Na buɗe mata kwalina ina ɗan alfahari. Ta tsuguna ta shafa ganyen tsamiyar.

"Malam, sun yi kyau," ta ce. "Amma Fatakwal ka ce?"

"Fatakwal."

"Jijiyarsu za ta ruɓe. Ƙasar can ba ta bushewa. Ɓauren nan ne kawai zai iya jurewa."

Na rungumo kayan nan tun daga Kaduna, kuma su ne hujjata a gaban kwamitin Yaya. Duk rayuwata ina koyon yadda ake riƙe wa bishiya ruwa, ga shi za ni inda ruwan ne matsalar.

Ta kai ni lambunta a keke napep. Abin da na gani ya ɗan kwantar mini da hankali, don tunaninmu ɗaya ne, sai dai ta fi ni dabarar zama da mutane. Ta bar ciyawa ta yi tsawo a tsakiya, amma duk bakin hanya an aske shi ƙwal, faɗin taku kaɗan. Ta bar wata tsohuwar bishiya mai kogo saboda cilakowa na shiga ciki, ta sare rassan da ka iya faɗo wa mutum kawai.

"Mutane ba ciyawa suke tsoro ba," in ji ta. "Wurin da ba shi da mai kula suke tsoro. Idan suka ga an gyara gefe, sun san da gangan aka bar tsakiyar. Ni ma sai da aka kai ƙarata kafin na gane."

Na tambaye ta batun maciji, don na san shi za a fara jefo mini. Ta ce ta taɓa ganinsu, ba za ta ɓoye mini ba, amma sun ragu sosai tun da ta hana zubar da shara, saboda shara ke tara ɓera, ɓera ke jawo su. Sannan ta kwatanta mini wani mai renon itatuwa a gefen Anaca, wanda ke da irin waɗanda ke son ruwa. Na yanke shawarar bi ta can. Na bar mata tsamiya da kanya da ɗorawa. Ta ce za ta gwada su a kan tudu, ko ba komai ta riƙa ganin gida.

Alhaji Tanimu bai ji daɗin sauya hanyar ba. Ya raka ni tasha ranar Lahadi yana nanata mini, "Ka saya ka fice yau. Gobe Litinin, babu mai fita a ƙasar nan, babu mota, babu kasuwa. Kuma baƙo irinka ba ya tambayar dalili a titi." Ya ba ni sunan Baba Ilu, shugaban 'yan dakon Hausawa a babbar kasuwar Anaca, ko da wani abu zai taso.

Abin kuwa ya taso. Da na sauka a Anaca na hau okada, wato acaɓa a bakinmu, har gandun mutumin, na tarar ya tafi coci. Na zauna a kan bulo ina jira har azahar ta wuce. Da ya dawo, mutum ne mai kirki, ya zaɓar mini dashe da kansa yana kiran sunayensu da Ibo, ni kuma ina gyaɗa kai ban riƙe ko ɗaya ba. Muna cikin ɗaurewa ruwa ya sauko. Ba irin namu ba ne da ke bugawa ya wuce. Kafin ya tsagaita in kai tasha, motar Fatakwal ta ƙarshe ta tashi.

Haka na nemi Baba Ilu. Mutumin Sakkwato ne, tsoho, siriri, ya yi dako har ƙeyarsa ta yi kanta. Shi da mutanensa suna haya a wani gida a bakin gari, ta wajen Nkpor. Su suna ƙasa, masu gidan suna bene. Ya ba ni tabarma da teba da miyar kuɓewa mai manja, ya ce, "Ɗan Zariya, gobe ko ƙofar gida kada ka leƙa. Mu nan haka muke yi, mu yi wanki mu yi aski."

Ban taɓa jin shiru irin na safiyar Litinin ɗin nan ba. Garin da jiya ba ka jin maganar na kusa da kai, yau har kukan kurciya ake ji. Amma shirun ba na hutu ba ne. Idan babur ya wuce can nesa, kowa sai ya dakata da abin da yake yi ya saurara.

A bayan gidan akwai wani ɗan fili mai ciyawa da ya gangara zuwa rafi, na unguwa ne, kowa na shanya a wurin. Da hantsi ina duba dashena sai na ji hayaniya. Wani ɗan dako mai suna Sahabi ya ɗaga bokitinsa ya tarar da maciji a ƙarƙashi. Kafin ka ce me, maza sun fito da sanduna da guntayen bulo.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Baba Ilu. Bai ɗaga murya ba, amma hannuwa suka tsaya a sama.

"Baba, maciji ne fa," in ji Sahabi.

"Na gani. Ɗaga kanka ka duba bene."

Muka ɗaga kai. Wata tsohuwa, mahaifiyar mai gidan, tana tsaye ta dafa ƙarfen baranda tana kallonmu. A gidajen maƙwabta ma an buɗe tagogi.

Baba Ilu ya ja ni gefe ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ya ce irin wannan mesa mutanen yankin ba sa kashe ta, eke suke kiranta, kamar baƙuwar gida suke ɗaukarta. Wanda ya kashe ta sai ya yi mata jana'iza kamar ta mutum, kuma ba a manta masa. "A ranar kasuwa ma fitina ce," ya ce, "balle yau da kowa ke gida, babu hukuma a titi, mu kuma ga mu 'yan tsiraru." Sannan ya juya ga mutanensa ya ce, "Ku matsa, ga malamin daji Allah ya kawo mana."

Ni mai bishiya ne da ciyawa. Ban taɓa kama maciji ba. Na so in faɗi haka, amma na dubi Sahabi na ga bai saki bulon ba, na dubi tagogin, sai na karɓi sandar shanya mai tsawo. Da na matsa na gane irin ƙaramar mesar nan ce da ba ta da dafi, na taɓa ganinta a keji lokacin da muke kwas. Ta naɗe kanta ta cusa kai a tsakiya, kamar gammon ɗan dako.

Tsohuwar ta sauko a hankali, tana riƙe da bango. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta fara yi wa mesar magana da Ibo, cikin irin muryar da ake lallashin jariri. Ta nuna mini bokitin. Na kwantar da shi, na tura mesar da sanda, ta gangara ciki a naɗe. Na rataya bokitin a ƙarshen sandar. Tsohuwa a gaba, ni a baya, maza sun buɗe mana hanya, muka gangara har bakin rafi. Na juye ta a cikin ciyawa. Ta daɗe kafin ta warware ta shige.

Da muka dawo tsohuwar ta faɗi wata magana, ɗaya daga cikin 'yan dakon ya fassara mini: wai ta ce hannuna na rawa kamar na mai zazzaɓi, amma na yi hankali. Da rana ta aiko mana da ayaba nono guda. Sahabi ya ci, amma ya ce shi dai har gobe abin bai kwanta masa ba. Baba Ilu ya tambaye shi ko a garinsu ana jifan shamuwa. Ya ce a'a, ai ita daban ce. Baba ya ce, "To su ma haka suke cewa."

Talata da asuba na bar Anaca. Muka bi ta Owerri, ruwa na sauka yana ɗaukewa. Yaya Hamisu ya tare ni a tasha. Ya rame, ya yi furfura fiye da yadda na bar shi a raina. Ya saya mini gasasshiyar agada da kifi, abin da suke kira bole, ya tsaya yana kallona ina ci, shi bai ci ba. A nan na gane cewa shi ma a tsorace yake.

Filin ya fi yadda na zata girma. Gefen da ke jikin kara juji ne, ledoji da ƙashi da ragowar abinci, ramukan gafiya ko'ina. Tsakiya fili ne mai kyau. Can kusurwa kuma fadama ce, ruwa kwance, doguwar ciyawa da tukurwa, da wata ƙatuwar bishiya da balbelu suka mayar gida, ta yi fari fat da su. Na shiga da takalmin roba har gwiwa. Kwaɗi na tsalle, ƙananan kifaye na gudu, wani tsuntsu shuɗi mai dogon baki ya wuce ta gabana kamar an harba shi. A tsakiyar gari, tsakanin kara da gareji. Na kuma lura duk ruwan unguwar nan yake gangarowa.

Aka zauna bayan la'asar a barandar masallaci. Liman na tsakiya, malami ne mai sanyin magana, shi ke koyar da yaran unguwa. Na faɗi abin da na gani. Na ce a kwashe juji a hana zubarwa, a riƙa aske tsakiya don salla da ƙwallo, a fitar da hanyoyi masu faɗi, a dasa itatuwa a gefe. Fadamar kuma da bishiyar balbelu a bar su. Na ce idan aka cike ta da yashi, ruwan ba zai ɓace ba, gidaje zai nema, masallacin nan ma yana kan hanyarsa.

Wani dattijo mai suna Alhaji Bala, mai sayar da shanu, ya gyara zama. Tun da na fara magana bai ɗauke ido daga kaina ba.

"Malam Nasiru, ka taɓa wanke gawar wanda maciji ya sara?"

"Ban taɓa ba, Alhaji."

"Ni na wanke ƙanena. A gona, a garinmu, ina kallo ya kumbura. Yanzu jikokina ta filin nan suke bi zuwa makarantar Malam. Kai gobe za ka hau mota ka koma Zariya. Tsuntsayen nan da kake yabo, wanne ne zai biya ni jika?"

Ba zan ce ya yi kuskure ba. Na yi bayanin shara da ɓera, na ce jujin ya fi fadamar haɗari, amma da kunnena na ji yadda maganar ta yi sauƙi a gaban tasa.

Liman ya dube ni. "Malam, za ka iya ba mu tabbacin cewa idan aka bi shawararka babu macijin da zai rage?"

Na ji idon Yaya a kaina. Da na ce e, da taron ya ƙare a nan.

"Allah gafarta Malam, ba zan iya ba. Ko an cike da yashi ma ba zan iya ba. Abin da na sani shi ne za su ragu, kuma yara za su ga inda suke taka ƙafa." Da na ga fuskoki sun fara juyawa sai na ƙara da cewa, "A gwada damina ɗaya. Idan ta wuce ba a ji daɗi ba, a cike."

Aka yi ta muhawara har rana ta yi ƙasa. Wasu na tsoron maciji, wasu na tsoron ambaliya, kowa kuma na tsoron hukuma ta karɓe filin. Daga ƙarshe Alhaji Bala ya ce ya ji, amma wa za a kama idan wani abu ya faru?

"Ni," in ji Yaya Hamisu. "Ni na kawo shi."

Liman ya shafa fatiha a kan haka. Muka kama hanyar gida ni da Yaya. Na san abin da ya ɗora a kansa. A unguwar nan ya yi aure, a nan yake cin abinci, ba shi da wata Zariya da zai koma.

Muka shiga aiki washegari. Kwashe jujin ne ya fi wuya, gafiyoyi suka yi ta fitowa suna bi ta ƙafafunmu. Na kafa turaku na ja igiya don nuna iyakar inda za a aske. Alhaji Bala ya zo da addarsa, bai gaishe ni ba sai da ya gaida kowa. Ya nufi hanyar da yara ke bi, ya tumɓuke turakuna, ya matsar da su can ciki, ya ninka faɗin da na auna. Ya cinye mini wani yanki na ciyawa mai fure da na so a bari. Na buɗe baki, sai na ga yadda yake sara, yana duba kowane tushe kafin ya wuce. Na ɗauki tawa addar na bi bayansa. Da aka zo dasa ɓaurena na Zariya, Alhaji Balan ne ya riƙe mini shi a tsaye ina tura ƙasa.

Kafin in taho wata jami'a ta zo daga hukuma. Ta zaga filin a ƙarƙashin lema, ta tsaya ta daɗe tana kallon balbelun, ta ɗauki hotuna. Ba ta ce an bar mana ba, ba ta ce an karɓe ba. Ta ce za ta sake zuwa.

Dawowata babu wani abin faɗi, na yi barci mafi yawan hanya. Amma tun da na sauka, duk lokacin da waya ta yi ƙara na ga sunan Yaya, sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka. Yakan ce lafiya lau. Wani lokaci ya ce ruwa bai shiga masallaci ba bana. Wani lokaci ya ce an ga saɓar maciji a bakin fadama, Alhaji Bala ya kawo masa ita har gida a kan sanda, ya ajiye a ƙofa ya tafi.

Na riƙa lallashin kaina da cewa saura kaɗan. Da ruwa ya ɗauke mana a Zariya, aka fara yankan gero, ciyawar lambuna ta bushe ta zubar da iri, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na kira shi da kaina.

"Yaya, alhamdu lillahi, mun ga bayan damina lafiya."

"Wace damina?" in ji shi.

"Ta bana mana. Wadda muka yi alkawari."

Na ji ya buɗe ƙofa, sai ƙarar ruwa a kan kwano ta cika mini kunne, kamar ana zazzage tsakuwa.

"Ka ji ta nan," ya ce. "Tamu ko shirin tafiya ba ta fara ba. Ka ci gaba da addu'a, kuma kada ka kashe waya."

Ban kashe ba. Tana nan a aljihun gaba, ko salla zan yi sai dai in rage mata murya.